Ina rubuta littafin yaƙi mai sihiri, yayana ya ce in goge shi, dan Allah ku ba ni shawara

Autan Maƙera ya rubuta:

Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri zan ɗan ja zance. Yau wata takwas kenan ina rubuta wani littafi a waya, da daddare in na taso daga shago, yanzu na kai babi na 11. Labarin wani yaro ne Tanimu, ɗan shekara 14, ɗan maƙeri, a wani gari da ni na ƙirƙire shi. Sarkin garin matsafi ne, yayansa ya kashe ya hau gadon, ƙarfe ba ya cin sa, kuma duk shekara sai an kai masa yara bakwai gidan tsafi daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsu. To tun kafin a haifi Tanimu wata tsohuwa makauniya ta tsaya tsakiyar kasuwa ta ce wanda zai kawo ƙarshen sarkin nan cindo ne, mai yatsa shida. Shi ne sarki ya sa dogarai bi gida gida duk inda aka ji kukan jariri a duba hannu. Uwar Tanimu da ta ga abin da ta haifa, a daren ta zare zare daga bakin zaninta ta ɗaure ɗan yatsan tam, kafin ranar suna ya bushe ya faɗi, sai ɗan tabo kamar ƙwayar gero, ta binne yatsan ƙarƙashin murhu ko mijinta ba ta gaya wa ba.

Matsalar ita ce shekaranjiya na ba yayana ya karanta, wlh da murnata na miƙa masa wayar, yana kai wajen tsohuwar nan ya ajiye ya ce wannan ai bokanci nake koya wa mutane, waye ya san gaibu in ba Allah ba, kuma a babi na 9 Tanimu ya karɓi wata wuƙa da aka tsafe, ya ce in dai ina jin maganarsa in goge. Shi kuma abokina cewa ya yi labarin yaron da aka zaɓa tun kafin haihuwa ai na finafinan Turawa ne, kwafa na yi. Gaskiya kwana biyu ko layi ɗaya ban iya rubutawa ba. Tambayata, akwai yadda zan bar maganar tsohuwar da sihirin ba tare da na shiga haƙƙin addinina ba? Kuma da gaske ne mu ba mu da irin wannan labarin? Sannan wace kalma zan kira abin da tsohuwar ta faɗa, wani ya ce in sa annabci amma jikina bai ba ni ba.

Tsohon Makaranci ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanina. Kada ka goge komai tukuna. Maganar addini na bar wa masu ita, ni ta abokinka zan amsa don ita ce ta sosa min rai.

Ka tambaye shi ya taɓa riƙe Ruwan Bagaja kuwa? Tun gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta sa a 1933 Abubakar Imam ya rubuta mutumin da ya bar Kwantagora ya shiga uwa duniya neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, har ya kai ga aljannu. A gasar nan dai aka samu Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya gwabza da Turawa sannan labari ya ɗauke shi shi da ɗansa Garba Gagare zuwa ƙasar aljannu. Ni a aji huɗu na firamare na fara karanta su, kwafin da bangonsa ya cire, muna zagaye mutum biyar kan littafi ɗaya, wanda ya fi saurin karatu sai ya jira sauran kafin a juya shafi. To lokacin wane fim muka gani?

Kuma ko aron ne ba abin kunya ba ne in an iya. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa da ya fito 1951, tushensa labarin wani jarumin Rasha ne, shi ya sa ka ji Sarki Waldima da birnin Kib a ciki, amma da ya ba shi doki Ƙwalele ya sa masa bakin Hausa, yara nawa ne suka tashi suna rantsuwa Iliya ɗan garinsu ne.

Amma abin da nake so ka je ka nema shi ne tarihin Kano, farkonsa, wajen Barbushe. Mutumin da aka ce yana zaune kan Dala, shi kaɗai yake shiga wajen Tsumburbura, in ya fito sai ya gaya wa jama'a abin da zai faru a shekarar. Wata rana ya fito ya ce musu wani mutum na nan zuwa da rundunarsa zai mallake ƙasar, in bai zo a zamaninsu ba zai zo a na 'ya'yansu. Mutane suka ƙi jin daɗin maganar. Can sai ga Bagauda, wanda ake lissafin sarautarsa daga 999. Ka lura da wani abu, a nan wanda ya yi faɗar ba albishir ya yi wa mutanensa ba, faɗuwarsu ya gani, kuma ba shi da yadda zai yi. Ni na daɗe ina mamakin yadda marubutanmu na littafin yaƙi suke tsallake wannan su tafi birnin Sin da Hindu da Misra suna sa wa jarumai sunayen da harshe ke karyewa, ga Dala nan ana hango ta daga Kurmi. Ga Kusugu a Daura, baƙo ya zo da dare, ya riga ya biya Gaya maƙera sun ƙera masa wuƙa, ya sare kan macijiya Sarki da ta hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Kai da jaruminka ɗan maƙeri ne ma, ai gida ka zo. Cindon nan da zaren bakin zani kuwa, wlh babu Baturen da zai kawo shi, naka ne.

Ɗalibin Zaure ya rubuta:

Salamu alaikum. Ɗan uwa ni ɗalibi ne ba mai ba da fatawa ba, amma zan faɗi abin da na karanta gaban malamai. Da farko kada ka ji haushin yayanka, tsoro yake ji maka kuma yana da hujja. Sihiri yana cikin abubuwa bakwai masu halakarwa da Manzon Allah (SAW) ya lissafa, kuma ya zo a Sahihu Muslim cewa wanda ya je wajen ɗan duba ya tambaye shi wani abu ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. Ƙarshen Suratu Luƙman ma ya ishe mu, babu ran da ya san abin da zai aikata gobe. Wannan ba abin wasa ba ne.

Sai dai ba da labarin abu daban, yarda da shi daban. Alƙur'ani da kansa ya ba mu labarin matsafan Fir'auna da igiyoyinsu da sandunansu, ya ba mu na Haruta da Maruta a Baƙara aya ta 102. Abin dubawa a littafinka shi ne, mai karatu in ya rufe shafin ƙarshe me zai tafi da shi a zuciyarsa? In Tanimu da wuƙar tsafi ya ci nasara, to yarinya ko yaron da ya karanta ka koya masa cewa in an zalunce ka nemi bokan da ya fi na abokin gabarka, kuma ka san garuruwanmu, mutane na zuwa wajen nan da gaske, ana rabuwa da aure da dukiya da imani a can. Nan ne yayanka ya yi gaskiya, babi na 9 ɗin nan ni ma bai kwanta min ba. In ka bar tsafin a hannun sarki, ka nuna ƙazantarsa da abin da yake ci na jinin bayin Allah, sannan ka nuna ya rushe, ban ga abin da ka koyar ba sai ƙin sa.

Maganar kalma kuwa jikinka ya gaya maka daidai, kada ka kusanci annabci, an rufe wannan ƙofa. Muna da ishara, muna da bushara, muna da mafarki. Me zai hana tsohuwar ta zama mafarki ta yi, ta faɗa tana kuka ita kanta ba ta san fassararsa ba? Mafarki nagari ya tabbata a hadisi, har aka ce yanki ɗaya ne cikin 46 na annabta, kuma mai mafarki bai ce ya san gaibu ba, nuna masa aka yi. Ko kuma sarkin ne ya yi mafarkin ya firgita. Malaman tafsiri sun kawo cewa abin da ya sa Fir'auna yanka 'ya'ya maza na Bani Isra'ila kenan, aka ce masa a hannun ɗayansu mulkinsa zai tafi, ƙarshe a gidansa yaron ya girma. Ban ce ka kwaikwayi ƙissar Annabi ba, a'a, wannan gaskiya ce naka ƙage ne, kada a haɗa. Kuma dan Allah kada ka ƙirƙiri aya ko hadisi ko wata addu'a ka ce ita ce makarin sarki, na ga masu yin haka a littattafan da ake turawa guruf guruf, har wasu na kwafa suna karantawa da gaske.

'Yar Dogon Dutsi ta rubuta:

Sannunku da hira. Allah shi gafarta Malam, na yarda da kusan duk abin da kac ce, amma akwai wuri guda da nike son a ɗan tsaya. In anka ce duk wanda ke da asiri cikin labari shi ne mugu, duk mai salla shi ne na kirki, to mi za mu yi da kakanninmu? Ni daga Arewa ta ƙasar Nijar nike, nan kusa da mu Lugu take, garin Sarauniya Mangu. Cikin watan Afrilu na 1899 sojan Faransa na Voulet da Chanoine sunka iso, mutanen da sunka bar gawa da toka duk inda sunka bi, ku tambayi mutanen Birnin Ƙonni abin da anka yi musu. Garuruwa da yawa sun buɗe ƙofa don tsoro, ita wagga mata ba'azna ta tara mutanenta da kibau sunka tsaya, da anka fi ƙarfinsu sunka shige kurmi, ba a kama ta ba. Wata ukku bayan haka sojojinsu da kansu sunka harbe Turawan nan biyu. Har yau tsofaffinmu cewa sukai asirinta ne ya bi su. Ni musulma ce, na san Allah ne ya yi ikonsa, amma in zan rubuta labarinta ba ni iya maishe ta muguwa don tana da gunki, ita ce ta tsaya ma marayu ranar. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi kanta da Faransanci a 1980, mu da munka yi lakwal, wato makarantar boko, da shi munka san ta a takarda, alhali da Hausa kakata ta fara ba ni labarin muna sussukar hatsi.

Saboda haka Auta, shawarata, tunda garin kai ka ƙirƙire shi, ka aje shi zamanin da addini bai iso ba, mutanen su yi abin da sunka sani, cikinsu da azzalumi da mai tausai kamar ko'ina. Kuma don Allah ina mata cikin littafin? Uwar da ta ɗaure yatsan ɗanta cikin dare ta rufe bakinta shekara 14, kullum tana girki bisa murhun da ta binne shi, ni ita ce jarumata tun yanzu. Kada ka kashe ta a babi na biyu don yaro shi samu dalilin fushi, kamar yadda kuka saba.

Ɗalibin Zaure ya rubuta:

Hajiya ban ce a mayar da ita muguwa ba, tsayawa gaban azzalumi abin yabo ne ko daga wa ya fito. Abin da nake gudu kawai a nuna gunkin ne ya yi aikin. Ke ma ai kin faɗa da bakinki, Allah ne ya yi ikonsa. In marubuci ya bar wannan ƙofar a buɗe, mutanen labarin su ce asiri ne, mai karatu kuma ya ga ai jarumta ce da ƙaddara, ba ni da ja.

Autan Maƙera ya rubuta:

Wlh na gode, Allah ya saka da alheri, jiya sai ƙarfe biyu na kwanta ina ta karanta amsoshinku. Anti ki kwantar da hankalinki uwar tana nan da rai har babi na 11, amma gaskiya ban ba ta magana sosai ba, zan koma. Malam na karɓi maganar mafarki, har na ga yadda zai fi daɗi, tsohuwar ta riƙa cewa ni ma ban sani ba ku ƙyale ni, dogarai na janta. To amma ga inda na maƙale, in na cire wuƙar tsafin, yaro ɗan shekara 14 da me zai kashe mutumin da ƙarfe ba ya ci? Dama don na rasa mafita ne na kawo wuƙar.

Mai Hayar Littafi ya rubuta:

Yauwa, yanzu ka zo wajena. Ƙanina shekara tara na yi ina ba da hayar littattafan Hausa a ɗan kes ɗina bakin layi kafin waya ta kashe kasuwar, na soyayya mata ke ɗauka, na yaƙi kuwa samari da 'yan acaɓa da masu gadi, kuma ina gane littafin da ya yi daɗi tun daga yadda aka dawo da shi, in ya dawo duk ya yi laushi da maiƙo a gefe to ya zaga gida biyar, in ya dawo fes washegari to ba a gama shi ba. Waɗanda ke dawowa fes kusan duk ciwonsu ɗaya, jarumi ya daka tsalle ya sare kai dubu, a kawo wani dodon ya sare, a kawo wanda ya fi shi ya sare, tun shafi na goma ka san ba abin da zai same shi tunda an riga an faɗa shi ne. To ina amfanin in bi ka littafi na ɗaya har na huɗu?

Ka nemi labarin Sunjata na Mali, wanda marokan Mandinka ke rerawa har yau. Shi ma kafin a haife shi wani maharbi ya gaya wa ubansa sarki cewa za a kawo masa wata mace mummuna mai ƙusumbi, ya aure ta, ita za ta haifi wanda zai fi kowa. Aka haifi yaro, sai ga shi gurgu, yana jan gindi har wajen shekara bakwai, gari na dariya. Abin da ya tashe shi tsaye ba aljani ba ne, ganyen kuka ne. Uwarsa Sogolon ta je roƙon ɗan ganyen kuka na miya wajen kishiyarta, kishiya ta yi mata gori ta ce ita ɗanta ke tsinko mata, ke naki fa? Ta dawo tana kuka. Yaron ya sa aka kawo masa sandar ƙarfe daga maƙera ya dafa ya miƙe har sandar ta lanƙwashe, ya je ya tumɓuko kukar gaba ɗaya ya dire a ƙofar ɗakin uwarsa. Ka ga duk wanda ya tashi gidan kishiyoyi sai ya ji wannan a ƙirjinsa.

Sannan abokin gabarsa Sumanguru sarkin Soso, matsafi ne irin naka sak, ƙarfe ba ya kama shi. Da me aka karya shi a yaƙin Kirina wajen 1235? Ba da tsafin da ya fi nasa ba. 'Yar uwar Sunjata da aka aurar masa dole ita ta lallaɓe shi har ya saki baki ya faɗi lagonsa, ashe ɗan tsinin nan ne na bayan ƙafar farin zakara, aka ɗaura a bakin kibiya, tana shafarsa ƙarfinsa ya zube. Kai da ka tashi cikin 'yan tauri ai ka sani, kowane asiri da makarinsa da kuma sharaɗinsa, kada ka ci kaza, kada ka tsallake kaza, kuma makarin kullum ɗan abin banza ne da ba wanda zai kalla. To aikin Tanimu kenan, ba neman wuƙa ba, neman sirrin. Wa ya san shi? Wa zai biya da ransa kafin maganar ta fito daga gidan sarki? Yaran bakwai da ake kaiwa duk shekara, me ake yi da su, ba a nan sharaɗin yake ba? Ka sa a ɗauki ƙanwarsa cikin bakwai ɗin bana, ka ga ko ba mafarkin kowa dole ya tafi.

Kuma wuƙar babi na 9 ni ban ce ka cire ba, Malam ya yi min afuwa. Ka bar shi ya karɓa, yaro ne, tsoro yake ji, kowa zai karɓa. Amma ta ci amanarsa, ranar da ya zare ta ta sari wanda yake ƙauna ko ta nemi jini kamar yadda na sarki ke nema, ya gane in ya ci gaba da riƙe ta shi ne sarki na gaba, ya kai ta maƙerar ubansa ya sa a wuta yana zuga zugazugi da hannunsa. Ka ba yayanka wannan babin ya karanta mu ji abin da zai ce.

Abu na ƙarshe, tabon nan. Uwa ɗaya ce kawai ta yi dabarar zare a duk garin? Ni da ni ne, ranar da Tanimu zai shiga gidan tsafi ya tarar da yaran da aka tsare, sai ya ga wata yarinya ta miƙo hannu karɓar ruwa, gefen ƙaramin yatsanta da tabo irin nasa, ya duba na kusa da ita shi ma haka.

'Yar Dogon Dutsi ta rubuta:

Kai Baba mai haya, tsikar jikina ta tashi. Auta in ka gyara babi na 9 ka turo muna nan, kuma ka sa muna wurin da uwar za ta tone murhun.

Autan Maƙera ya rubuta:

In sha Allahu Anti, ku ba ni zuwa Juma'a. Baba na gode, yarinyar har na sa mata suna, Ladi. Yaya Tsohon Makaranci dan Allah tarihin Kanon nan mai maganar Barbushe, akwai na Hausa ko sai na Turanci, kuma wajen masu littattafai na Kurmi zan duba ko Sabon Gari?